Na shuka gajeren tumatir, sai ga dogaye a ciki: ina matsalar take?

Da zarar sanyi ya fara shigowa, masu lambu a bakin Gulbin Maraɗi da fadamar Jiratawa suka zuba iri, wannan ƙorafi yakan taso. Har matan da ke shuka a tsofaffin bokitai cikin gida suna kawo shi.

Malam, ta yaya zan gane baƙon tsiro tun yana ƙarami?

Gajeren tumatir na asali yana da kara mai kauri, gaɓoɓinsa kusa da juna, ganyensa kore shar mai ƴar tamoji. Cikin sati 3 zuwa 4, kafin dashe, baƙon zai fi ƴan uwansa tsawo, karansa siriri, ganyensa shimfiɗe. Amma a lura: idan duk gadon ne ya miƙe ya yi fari-fari, wannan ba laifin iri ba ne, inuwa ce ko cunkoso. Baƙo ɗaya-ɗaya yake fitowa.

To daga ina ya zo, tunda ni daga gajere na ɗebi irin?

Nan ne zancen yake da faɗi. Tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, shi ya sa iri ke maimaita kamanninsa. Sai dai wani lokaci zuma ko wani ƙwaro yakan ɗauko garin fure daga dogon tumatirin maƙwabci ya sauke a naka. Ɗan da ka tsinka ba zai nuna komai ba, ja ne kamar kowane. Ƙwayoyin da ke cikinsa ne suka gauraya.

Kuma gajarta hali ne mai ɓuya. Sai tsiro ya gaje ta daga uwa da uba duka kafin ta bayyana. In ya gaji tsawo daga ɗayansu, dogo zai fito. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani masanin kimiyya mai suna Gregor Mendel ya wallafa shi a 1866, bayan gwaji da wani waken Turawa: da ya haɗa dogo da gajere, ƴaƴan fari duk dogaye suka fito, a jikoki kuma ya ƙirga dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Tumatir ma haka yake bi. Don haka dogon da ka gani bana labarin bara yake ba ka.

Akwai kuma dalili mai sauƙi da mutane ke mantawa: taki. Ruɓaɓɓen tumatirin da aka zubar a juji, ƙwayarsa ba ta mutuwa da wuri. Ka kwaso takin ka zuba a gado, ta tsiro, kai kuma ka shiga zargin mai sayar da iri.

Na sayi na fakiti mai rubutun F1, ya yi kyau bara, na ajiye irinsa. Bana kowane tsiro da kamarsa.

Haka zai yi. F1, kamar Mongal, haɗin iyaye biyu ne daban, shukar farko kaɗai ke fitowa bai ɗaya. Irin da ka ajiye yana warwatsewa: wani ƴaƴa manya, wani ƙanana, wani ya nuna da wuri, wani ya makara. In kana son ajiye iri, nemi wanda ba haɗi ba, irin su Roma. A ganina, ƴan kuɗin da ake gudun kashewa kan sabon fakiti ba su kai asarar kwandunan da za a yi ba.

In cire shi ko in bar shi?

In don kasuwa kake yi ko don iri, tumɓuke shi kafin ya yi fure. In na miya ne a gida, dasa shi can gefe ka kafa masa sanda. Ana cinsa lafiya lau.

Akwai wanda ya fi sauran gajarta ma, ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya. Shi ne na asali?

A'a, wannan ciwo ne, wanda farin ƙuda ke yaɗawa. Cire shi ka binne nesa da lambu.

Yaya zan tsare irina baɗi?

Zaɓi tsiron da ya fi kama da asalin, ka ɗaure gungun furensa da yankin tsohon gidan sauro tun bai buɗe ba, kana ɗan girgiza shi da hantsi. Da ƴaƴa sun ɗaura ka kwance, ka sa musu zare don shaida. In sun nuna, matse ƙwayoyin a kwano, bar su kwana 2 ko 3 yauƙin ya saki, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka rubuta sunan irin da shekara a jikin takardar.