Fawa fak na kwamfutar tebur: alamomin lalacewarsa da yadda ake gwada shi

Fawa fak shi ne akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke cikin kwamfutar tebur ta baya, inda ake soka wayar wuta. Wasu masu gyara fawa saflai suke ce masa, a takardun kamfani kuma PSU ake rubutawa. Aikinsa ɗaya ne, ya karɓi wutar soket, wadda a Najeriya bolt 230 ce mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ya rage ta ya daidaita ta zuwa wuta miƙaƙƙiya ta bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3, don ita kaɗai ce madabod (babban allon da sauran kayan ciki ke haɗe a kansa) da furosesa da ram da had disk suke iya ɗauka. Duk abin da ke cikin akwatin kwamfuta daga hannunsa yake ci, shi ya sa in ya fara ciwo sai ciwon ya bayyana a wani wuri daban, mutane su yi ta zargin Windows ko bairos alhali ba ruwansu.

Asali da tsari

Tsarin da yawancin kwamfutocin tebur ke bi yau sunansa ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995. Kafin nan, a tsarin AT, maɓallin gaba ne ke yanke wuta kai tsaye kamar na ƙwan ɗaki. A ATX kuwa madabod ne ke ba fawa fak umarnin tashi ko kwanciya, dalilin kenan da kwamfuta ke iya kashe kanta in ka rufe Windows. Babban filogin da ke shiga madabod da farko haƙora 20 gare shi, daga baya aka ƙara huɗu suka zama 24, sai wani ƙarami mai haƙora 4 ko 8 na furosesa. Launin wayoyin ba ado ba ne: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙa ita ce ƙasa wato hanyar komawar wuta, shunayya wato fafal tana ɗauke da bolt 5 na jiran ko-ta-kwana ko da kwamfutar a kashe take, koriya ɗaya tak kuma ita ce ta kunnawa. A riƙe wannan koriyar, za mu dawo kanta.

Alamomi

Mutuwa lokaci guda ita ce mai sauƙin ganewa, ka danna maɓalli shiru, ba fanka ba fitila, wani lokaci da ƙauri irin na roba ta ƙone. Mai wahalar ita ce mutuwar sannu. Kwamfuta ta riƙa kashe kanta tana tashi ba gaira ba dalili, musamman in an ɗora mata aiki mai nauyi kamar CorelDraw ko haɗa bidiyo. Ko sai an danna maɓalli sau uku sau huɗu kafin ta tashi da safe, amma in ta ɗumama sai ta yi aiki lafiya har yamma. Ko fanka ta juya daƙiƙa ɗaya ta tsaya, ta sake juyawa ta tsaya. Akwai kuma shuɗin allon da Windows ke nunawa in ya tsaya cak, da had disk ya riƙa ɓacewa yana dawowa, da wani siririn kuka kamar na gyare daga bayan akwatin.

Na taɓa ganin haka a wani shagon buga takardu a Tudun Wada cikin Gusau, lokacin da ɗalibai ke rububin rajista, layi har bakin titi. Kwamfutar da ake ji da ita sai ta mutu duk sanda aka tura aiki mai yawa, an yi mata fomat sau uku cikin wata guda, an sayi sabon ram, duk a banza. Da mai gyara ya zo bai ko kalli monita ba, hancinsa ya kai bayan akwatin ya shinshina, ya haska tocilan ta ragar fanka, sai ya ce "Alhaji zo ka gani, ba Windows ɗinka ba ne." Ta cikin ragar ana hango kafasita biyu, wato 'yan gwangwanayen da ke adana wuta, kawunansu sun kumbura kamar gwangwanin madara da ya lalace, ɗaya har ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don fayilolin mutane da yawa sun salwanta a wannan fomat ɗin da ba a buƙata.

Abin da ke kashe shi a wajenmu

Na farko wuta. A ɗauke a kawo, ta zo da ƙarfi ko ta zo rabi, sannan a koma kan janareta ƙarami wanda wutarsa ke hawa da sauka duk sanda aka kunna firij ko injin hoto, duk wannan bugun fawa fak ne ke shanye shi kafin ya kai ga madabod. Da damina kuma ga tsawa. Na biyu ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka na zuƙo ta tana tarawa har ta zama kamar auduga ta toshe iska. Na uku zafin bazara, a Zamfara da Kebbi watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, kuma ruwan da ke cikin kafasita zafi ne ke busar da shi, masana lantarki na da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 na rage rabin rayuwarsa.

Sai wani abu da ya shafi kwamfutocin tebur na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, da ake shigo da su daga Amurka, inda wutarsu bolt 120 ce. Tsofaffin fawa fak na da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 aka soka shi a soket ɗinmu, fau ɗaya za ka ji sai hayaƙi, shikenan. Yawancin sababbi ba su da makunnin, suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, ana ganin haka rubuce a takardar jikinsu.

Yadda ake gwaji

Ana farawa ne daga abin da ba ya cin kuɗi. A canza wayar wuta da ta monita tunda iri ɗaya ne yawanci, a duba fiyus ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku, a cire istenshan a soka kai tsaye a bango, a duba makunnin I da O na baya. Sau da yawa magana nan take ƙarewa.

In ba ta ƙare ba sai gwajin waya. A zare wuta, a cire duk filogan fawa fak daga madabod da had disk, a lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda, a soka kai ɗaya a ramin koriyar waya ɗayan a ramin kowace baƙa, sannan a mayar da wuta. In fanka ta juya, toh yana tashi. Amma fa tashi ba lafiya ba ce, fawa fak zai iya juya fanka ya kasa ɗaukar kaya, kuma wasu na zamani fankarsu ba ta juyawa sai sun ɗau zafi. Don haka sai a kawo mita a sa ta a DC wato ma'aunin wuta miƙaƙƙiya, baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a wadda ake aunawa. Ƙa'idar ATX ta yarda da kaucewar kashi 5 cikin ɗari kawai: rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25, ruwan lemo wajen 3.14 zuwa 3.47. Abin da ya fita daga nan, ko lambar da ke rawa ta ƙi tsayawa, matsala ce. Gwajin da ya fi kowanne yanke hukunci dai shi ne a aro lafiyayyen fawa fak a ɗaura, in ciwon ya tafi an gama bincike. In bai tafi ba sai a koma kan ram mai ƙura, ko furosesa mai zafi, ko madabod ɗin kansa.

Kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo, waɗanda su suka cika shagunanmu da cibiyoyin jarrabawa, da yawansu ba sa bin wannan tsari, filoginsu mai haƙora 6 ne ko 8 ko 10 ko 14 kuma launukan sun bambanta, kar a yi musu gwajin waya da ka. Wasu Dell OptiPlex na da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan fawa fak, in ka danna fitilar ta kama fanka ta juya, alama ce yana da rai.

Gyara ko canji

Kar wanda bai koyi aikin lantarki ba ya kwance murfin fawa fak. Manyan kafasitan ciki na riƙe sama da bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya, wannan wuta ce mai kisa. Ƙwararre na iya canza kafasita ko fanka, amma wanda ya ƙone canji ya fi, don fawa fak mai rauni in zai mutu yakan tafi da madabod ko had disk.

Wajen saye a duba girma ko zai shiga akwatin, tunda akwai ATX babba da ƙanana irin SFX da TFX, a duba filogi, a duba wat. Kwamfutar ofis wat 200 zuwa 300 ya ishe ta, mai babban katin hoto kuwa tana neman 500 zuwa sama. Lambar da ke jikin masu arha ba abin dogaro ba ce, za ka ga an rubuta 650 ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar fanko, ni dai na fi yarda da asalin na kamfani ko da na hannu ne. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, na nufin aƙalla kashi 80 na wutar da ya sha tana isa ga kwamfuta maimakon ta zama zafi. In ba a samu daidai samfurin a Gusau ko Birnin Kebbi ba, masu gyara kan aika Sakkwato ko Kano ko Computer Village da ke Ikeja, da hoton takardar jikin tsohon don lambar ta dace. Bayan an ɗaura sabo, a haɗa kwamfutar da UPS ko stabilaiza, a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa hure ta da bulowa a ƙarshen hunturu, ana tare fankar da tsinke don kar iska ta juya ta fiye da ƙima.