Rigar ruwan lemo: me ɗaliban Kanada ke tunawa ranar 30 ga Satumba?

Ina asalin wannan riga?

A 1973 kakar Phyllis Webstad, wata yarinya 'yar ƙabilun asali na Kanada, ta saya mata sabuwar riga mai ruwan lemo domin shiga makarantar kwana ta St. Joseph da ke kusa da garin Williams Lake. Shekararta 6 a lokacin. Ranar da ta isa aka tuɓe mata rigar, ba ta ƙara sa ta a ido ba. Sai a 2013 ta ba da labarin a bainar jama'a, daga nan aka fara ware ranar 30 ga Satumba ana sa riga mai ruwan lemo domin tunawa da yaran irin waɗannan makarantu. An zaɓi ƙarshen Satumba ne saboda a irin lokacin ake zuwa a kwashe yara daga gidajensu.

Wace irin makaranta ce ake ƙwace wa yaro riga?

A wancan lokacin gwamnati ke ba da kuɗi, coci-coci ke gudanarwa. Yara kusan 150,000 na 'yan asalin ƙasar aka raba da iyayensu, aka aske musu kai, aka hana su yarensu, wanda ya kuskura ya yi sai duka. Wasu an ci zarafinsu. Yunwa da tarin fuka sun kashe dubbai, wasu ma ba a sanar da iyayen ba. Kada a ɗauka labarin zamanin da ne, domin ɗaya daga cikinsu, makarantar Gordon, ta kai 1996 kafin a rufe ta.

Me ake yi a makarantu ranar?

Malamai da ɗalibai su sa rigar, a gayyato dattijon da ya yi zaman makarantun ya yi magana, yara na zaune suna saurare. Wasu wuraren kuma a jera ƙananan takalma a matakala, musamman tun 2021 da aka sanar da gano alamun kaburbura 215 a harabar tsohuwar makarantar kwana ta garin Kamloops. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta mai da ranar ta hutu.

Ba an nemi gafara ba?

An nema. Firayim Minista Stephen Harper a 2008, Paparoma Francis a 2022. Amma a ganina neman gafara bai biya bashin ba. Hukumar gaskiya da sulhu da aka kafa don binciken makarantun ta miƙa shawarwari 94 a 2015, ciki har da koyar da wannan tarihi a aji, da yawansu har yau ba a cika su ba.