Waiwaye: Yadda murabus ya zama mafita ga 'yan sandan Amurka bayan harbi

Ranar 9 ga Agusta 2014 ɗan sanda Darren Wilson ya harbe Michael Brown, matashi baƙar fata ɗan shekara 18, a garin Ferguson na jihar Missouri. Ranar 24 ga Nuwamba masu tantance tuhuma suka ce ba za a gurfanar da shi ba, bayan kwana 5 ya yi murabus. Bai samu kuɗin sallama ko fansho daga garin ba. Shugabansa Thomas Jackson kuwa, da ya sauka a Maris 2015 bayan rahoton Ma'aikatar Shari'a ya tona yadda rundunar ke nuna wariya, ya tafi da albashin shekara guda. Tun daga nan duk lokacin da aka yi irin wannan harbi sai an tambaya: ya tafi, amma da me ya tafi?

Fanshon ɗan sanda a Amurka ba kyautar shugaban runduna ba ce. Asusu ne na jiha ko na birni, ana cire wa ma'aikaci kaso daga albashinsa, hukuma ta ƙara nata. A Minnesota ɗan sanda yana zuba kusan kashi 12 cikin 100. Idan ya cika shekarun da doka ta ƙayyade, galibi 5 zuwa 10, kuɗin ya zama haƙƙinsa, ko korarsa aka yi. Ba a ƙwacewa sai jihar tana da doka ta musamman, kuma sai kotu ta same shi da babban laifi da ya shafi aikinsa. A wasu jihohin ma dokar cin hanci da satar dukiyar jama'a kawai ta tanada, ba ta kai ga kisa ba.

Shi ya sa shari'ar 'yar sanda Kim Potter ta ba mutane mamaki. A Afrilu 2021 ta harbe Daunte Wright a garin Brooklyn Center na jihar Minnesota, ta ce Taser, wato bindigar lantarki mai sandarar da mutum, ta yi niyyar zarowa. Bayan kwana 2 ta yi murabus tare da shugaban rundunar, tana da shekara 26 a aiki. An same ta da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke mata shekara 2, amma dokar Minnesota ba ta ba da damar taɓa fanshonta ba.

Na garin Mesa a Arizona ya fi ciwo. A Janairu 2016 ɗan sanda Philip Brailsford ya harbe Daniel Shaver a barandar otal, Shaver yana rarrafe yana kuka yana roƙon kada a harbe shi, ba ya ɗauke da makami. An kori Brailsford, kotu ta wanke shi a Disamba 2017. A 2018 birnin ya mayar da shi aiki a takarda na kwana 42, don kawai ya samu damar neman ritaya bisa dalilin taɓuwar hankali da harbin ya jawo masa. Ana biyansa kimanin dala 2,500 duk wata har ƙarshen rayuwarsa. Diyyar dala miliyan 8 da aka ba matar Shaver a 2022 ba daga aljihunsa ta fito ba.

Duk da haka, fansho ba shi ne babbar ɓarakar ba. Murabus yana rufe binciken cikin gida: babu sakamako, babu takardar kora, fayil ya tafi kusan fari. Ƙasar tana da hukumomin tsaro kusan 18,000, kowacce da tsarinta na ɗaukar ma'aikata, ƙananan garuruwa kuma suna son wanda ya riga ya samu horo don su huta da kashe kuɗi. Timothy Loehmann ya yi murabus daga rundunar 'yan sandan garin Independence a jihar Ohio a 2012, bayan wani shugabansa ya rubuta cewa bai dace da aikin ba. Rundunar birnin Cleveland ta ɗauke shi ba tare da ta duba wannan fayil ba. A Nuwamba 2014 ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12 da ke wasa da bindigar roba. An kore shi a 2017, ba don harbin ba, sai don ɓoye gaskiya a takardar neman aiki. A 2022 garin Tioga na Pennsylvania ya sake ɗaukarsa, sai da jama'a suka yi ca ya sauka.

Ingila da Wales sun toshe wannan ƙofa. A 2015 aka hana ɗan sandan da ake bincike kan laifin da zai kai ga kora yin murabus, daga Disamba 2017 kuma aka sauya salo: ya tafi in yana so, amma za a kammala zaman ladabtarwa, in an same shi da laifi sunansa ya shiga jerin waɗanda aka haramta wa aikin. Wannan ya fi kusa da adalci, domin bai taɓa abin da mutum ya tara wa iyalinsa ba, ya dai hana shi sake sanya kaki.

A Amurka soke lasisin ɗan sanda aikin jihohi ne, California ma sai a 2021 ta yi dokarsa. Rumbun bayanan laifukan jami'an tarayya da gwamnatin Biden ta buɗe a Disamba 2023, gwamnatin Trump ta rufe shi a Janairu 2025.