Duba Lafiyar Ɗalibai Daga Nesa

Duba lafiyar ɗalibai daga nesa tsari ne da likita ke ganin yaro ta bidiyo, yaron yana makaranta, shi kuma yana asibitinsa. Ya fi kafuwa a Amurka, musamman a unguwannin talakawa da ƙauyukan da samun likitan yara ke wuya.

Idan yaro ya fara kukan kunne a aji, sai a kai shi wurin nas ɗin makaranta ko wani ma'aikaci da aka horar. A kira iyaye, waɗanda dama sun sa hannu a takardar amincewa. Ma'aikacin ya zura na'ura mai kyamara a kunnen yaron, hoton dodon kunnen ya fito a kwamfutar likita, ya ɗora masa abin sauraron ƙirji, likita ya ji numfashin daga can. In akwai buƙatar magani, a tura takardar maganin zuwa kantin magani, uwa ta biya ta karɓa bayan ta tashi daga aiki. Wannan ma'aikaci shi ne hannun likita. In bai ƙware ba, tsadar na'ura ba ta amfana komai.

Cikin tsofaffin shirye-shiryen akwai Health-e-Access, wanda Jami'ar Rochester ta jihar New York ta fara a 2001 a gidajen renon yara, daga baya ya kai makarantun firamare. Binciken da aka buga a mujallar Pediatrics a 2005 ya nuna fashin da yara ke yi saboda rashin lafiya ya ragu da kashi 63 cikin 100. Wani na 2009 ya gano zuwa sashen gaggawa ya ragu da kusan kashi 22, sai dai yawan ganin likita gaba ɗaya ya ƙaru, tunda abin ya zo kusa.

Tsarin ya fi dacewa da ciwon kunne, maƙogwaro, ƙuraje, jan ido da asma. Karaya kuwa, ko ciwon cikin da sai an danna da hannu, dole a je asibiti.

A 2019, shekara guda bayan harbin da aka yi a makarantar sakandaren Santa Fe da ke jihar Texas, majalisar jihar ta kafa shirin TCHATT, wanda ke haɗa ɗalibai da likitocin ƙwaƙwalwa ta bidiyo, ba tare da iyaye sun biya ko sisi ba.