Aikin maƙoƙo ba antibayotik: sakaci ne ko ƙa'ida?

Wata magana tana yawo a WhatsApp tsakanin mutanenmu na Agege da Mile 12, wai asibitocin Legas suna yi wa mutum aikin maƙoƙo su sallame shi ko kafso ɗaya babu, don sun raina talaka. Har ana ba da shawarar a biya kemis a sayi Ampiclox a ɗora. Don Allah a bari.

Ƙa'ida ce likitocin suke bi. Aikin maƙoƙo, da na 'yan halittun nan huɗu da ke bayansa masu daidaita kalsiyam a jini, yana cikin ayyukan da ake kira masu tsabta: ba a buɗe hanji, ba a taɓa mugunya, ga wuya da wadatar jini, yana saurin warkewa. A cikin mutum 100, da wuya a sami fiye da 1 ko 2 da ciwonsu zai yi ruwa. Shi ya sa a 2020 ƙungiyar likitocin irin wannan tiyata ta Amurka ta ce yawancin waɗanda ake yi wa aikin ba sa buƙatar antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mai ciwon suga ko mai raunin garkuwar jiki, likita kan duba nasa daban.

Inda aka fi rikicewa shi ne lokaci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce in har za a ba da maganin, a ba shi cikin minti 120 kafin a tsaga fata, da an gama aiki kuma a tsaya. Ko an bar 'yar robar da ke tsiyayar da ruwa a wuya, ba hujjar ci gaba ba ce. Ke nan wanda ya cancanta ya riga ya sami nasa ta jijiya tun a ɗakin tiyata, wataƙila bai ma sani ba. Kafson sati guda a gida ba ya ƙara kariya, sai dai ya jawo zawo, ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani.

Ni dai na gamsu da ƙa'idar. Abin da ke damuna shi ne a sallami baiwar Allah da filasta a wuya ba tare da an zaunar da ita an yi mata bayani da yaren da take ji ba. Haƙƙinta ne, ku tambaya.

In wuya ya kumbura farat ɗaya, numfashi ya yi wuya, ko leɓe da yatsu suna mirmir, ko zazzaɓi ya zo da ja da mugunya a wurin ɗinki, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.