Tambayoyi da amsoshi kan katin shiga bas kyauta na tsofaffi da nakasassu a Birtaniya

A Birtaniya, wanda ya manyanta ko yake da wata nakasa da doka ta amince da ita yana da haƙƙin shiga motocin bas na haya ba tare da biyan kuɗi ba. Sai dai sharuɗɗan sun bambanta daga yanki zuwa yanki, domin Ingila da Sikotlan da Wels da Ailan ta Arewa kowace tana da ikon tsara harkar sufurinta.

Yaushe aka fara wannan tsari a Ingila?

Ya zo ne daki-daki. Dokar sufuri ta shekarar 2000 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su rage wa tsofaffi da nakasassu rabin kuɗin bas. A watan Afrilun 2006 aka mayar da tafiyar kyauta, amma a cikin yankin da mutum yake zaune kawai. Daga ranar 1 ga Afrilun 2008, bayan wata doka da majalisa ta zartar a 2007, katin ya soma aiki a kan kowace bas ta cikin gari ko ta ƙauye a faɗin Ingila. Katin tsofaffi yana da ratsin shuɗi a gefe, na nakasassu kuma ratsin ruwan lemo, kuma dukansu suna ɗauke da hoton mai shi.

Shekara nawa mutum zai kai kafin a ba shi?

A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. A Sikotlan da Wels da Ailan ta Arewa, da zarar mutum ya cika shekara 60 ya cancanta. A Ingila ma haka abin yake har zuwa 2010, lokacin da gwamnati ta ɗaure shekarun karɓar katin da shekarun fara karɓar fanshon gwamnati, inda suka yi ta hawa sannu a hankali har suka kai 66. Doka ta tanadi ƙarin su zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028, saboda haka duk wanda aka haifa daga ranar 6 ga Afrilun 1960 zuwa gaba zai jira fiye da shekara 66. Abin da wannan yake nufi shi ne, mutum biyu da aka haifa rana ɗaya, ɗaya a kudancin Sikotlan ɗaya kuma a arewacin Ingila, tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna, na farko zai riga na biyu shiga bas kyauta da shekara shida ko bakwai. A ganina wannan shi ne babban raunin tsarin, domin tsufa da ƙarancin kuɗin shiga ba su san iyakar yanki ba.

Wasu yankunan Ingila sun cike wannan giɓi da kuɗinsu. Mazauna Landan da suka kai 60 suna iya neman wani nau'i na musamman na katin sufurin Landan da ake kira Oyster, su yi amfani da shi har su kai shekarun karɓar katin tsofaffi da nakasassu na Landan da ake kira Freedom Pass. Yankin Liverpool ma yana bai wa mazaunansa kati daga shekara 60. Irin waɗannan katunan a cikin yankin da ya bayar da su kaɗai suke aiki.

Ana iya amfani da katin a kowane lokaci?

A Ingila, abin da doka ta ba da tabbaci a kansa shi ne daga ƙarfe 9:30 na safe zuwa 11 na dare a ranakun aiki, sai kuma yini guda cur a ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutun ƙasa. Dalili shi ne a bar kujeru ga ma'aikata da 'yan makaranta a lokacin cunkoson safe. Ƙaramar hukuma tana da damar faɗaɗa lokacin idan za ta iya biya. A Sikotlan da Wels babu wannan ƙayyadewa. Waɗanda dokar safiyar ta fi ƙuntata wa su ne nakasassun da suke aiki ko karatu, da masu ganin likita da sassafe, shi ya sa hukumomi da dama suke cire wa katin nakasassu wannan sharaɗi. A Landan, misali, Freedom Pass na nakasassu yana aiki a bas a kowace sa'a.

Wace irin nakasa ce take sa a cancanta?

Dokar Ingila ta ambaci rukuni bakwai, kuma babu maganar shekarun fansho a cikinsu. Akwai makafi da masu raunin gani, da kurame ko masu matsanancin raunin ji, da waɗanda ba sa iya magana. Akwai masu nakasa ko rauni da ya daɗe yana hana su tafiya da ƙafa yadda ya kamata, da waɗanda ba su da hannaye ko suka rasa amfanin hannayensu biyu, da masu tawayar fahimta da koyo. Rukuni na bakwai shi ne wanda jama'a suka fi mantawa da shi, wato mutanen da za a hana su lasisin tuƙi saboda larurar lafiya, kamar mai farfaɗiya, muddin ba shaye-shaye ne dalilin hanin ba. Yawanci takardar da ke nuna mutum yana karɓar babban kason alawus ɗin nakasa na zirga-zirga ta isa shaida, in babu ita kuma hukuma takan nemi bayanin likita ko ta sa a duba mutumin.

Mai rakiya fa?

A Sikotlan da Wels akwai katin da ya haɗa da mai rakiya ga wanda ba zai iya tafiya shi kaɗai ba. A Ingila doka ba ta tilasta hakan ba, wasu hukumomin suna bayarwa wasu kuma ba sa bayarwa.

Katin Ingila zai yi aiki a Sikotlan, ko a jirgin ƙasa?

A'a, sai dai a wasu 'yan hanyoyin bas da ke tsallaka iyaka, inda hukumomin ɓangarorin biyu suka yi yarjejeniya. Haka nan ba ya aiki a manyan motocin dogon zango irin na National Express, ko motocin yawon buɗe ido. Jiragen ƙasa ba sa cikin tsarin, ko da yake Freedom Pass ya haɗa da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Ailan ta Arewa ta fi kowa sakin hannu a nan, domin wanda ya kai 65 yana shiga bas da jirgin ƙasa kyauta a duk tsibirin, har cikin Jamhuriyar Ailan.

Idan fasinja bai biya ba, wa yake biyan kamfanin bas?

A Ingila ƙananan hukumomi ne suke biya, daga kason da gwamnatin tsakiya take ba su da kuma harajin da suke tarawa. Ƙa'idar ita ce kada kamfani ya ci riba saboda tsarin, kada kuma ya yi asara. Don haka ba a biyansa cikakken kuɗin kowace tafiya, domin ana la'akari da cewa da yawa daga cikin tafiye-tafiyen ba za a yi su ba da a ce mutum zai biya daga aljihunsa. Lissafin wannan kaso ya daɗe yana haddasa jayayya tsakanin kamfanoni da hukumomi. Su kuma hukumomin sun sha kokawa cewa abin da gwamnati take ba su bai kai abin da suke kashewa ba, kuma tun da biyan kuɗin katin wajibi ne a doka alhali tallafa wa hanyoyin bas marasa riba ba wajibi ba ne, sai gatarin ya faɗa kan motocin ƙauyuka da na dare. Sakamakon haka akwai tsofaffi a karkara da ke riƙe da kati alhali bas ɗin da za su nuna wa shi ba ta zuwa sai jefi-jefi.

Ta yaya ake nema, kuma baƙo zai iya samu?

Ana nema ne daga hukumar yankin da mutum yake zaune, ta intanet ko ta cike fom, tare da hoto da shaidar shekaru ko ta nakasa da kuma shaidar adireshi. Zaman dindindin a yankin ake dubawa, ba takardar zama ɗan ƙasa ba, saboda haka dattijon da ya zo ziyarar 'ya'yansa na 'yan watanni bai cancanta ba. A Ingila katin yakan yi aiki har shekara biyar kafin a sabunta shi, wanda ya ɓatar da nasa kuma yawanci sai ya biya wani ɗan kuɗi kafin a buga masa sabo.