Tseren mota a buɗaɗɗiyar hanya

Tseren mota a buɗaɗɗiyar hanya gasa ce da ake yi a kan titin gwamnati na yau da kullum, wanda hukuma ke rufe wa sauran matafiya har a kammala. Motoci ba sa tashi tare. Ana sallamar su ɗaya bayan ɗaya da ɗan tazara, kowane direba yana fafatawa da agogo. Tushen wannan wasa yana cikin manyan tseren da aka yi a da, irin su Targa Florio da aka fara a tsibirin Sisili a 1906, da Mille Miglia ta Italiya, da Carrera Panamericana ta Meziko wadda aka yi daga 1950 zuwa 1954.

A yau mafi shahara ita ce Silver State Classic Challenge, wadda ake yi tun 1988 a jihar Nevada ta Amurka, a kan hanya mai lamba 318 tsakanin Lund da Hiko, nisan mil 90, wato kusan kilomita 145. Akwai kuma Big Bend Open Road Race a jihar Texas, daga Fort Stockton zuwa Sanderson da dawowa. A hanyar Nevada ne Robert Allyn da David Bauer suka kafa tarihi a 2017 da matsakaicin gudu na mil 219.6 a awa, amma irin wannan gudu na rukunin ƙwararru ne kaɗai.

Yawancin mahalarta suna zaɓar matsakaicin gudun da za su yi niyya, kuma wanda ya fi kusantar lokacinsa daidai shi ne ya yi nasara. Sabon shiga a Nevada yana farawa ne daga rukunin ƙasa, mil 95 zuwa 110 a awa, bayan ya halarci horo, kuma akwai iyakar gudu wadda duk wanda ya ƙetare ta za a kore shi daga gasar. Wanda ya zaɓi mil 110 zai nemi ya cinye hanyar cikin minti 49 da daƙiƙa 5. Saboda haka mai zama a gefen direba yake riƙe da agogo da takardar lissafi, yana duba alamomin mil na bakin hanya yana faɗa masa ko ya ƙara wuta ko ya sassauta. Direba mai dabara yakan tara 'yan daƙiƙu a miƙaƙƙiyar hanya, domin ya kashe su a wurin da ake kira Narrows, wani matsattsen kwazazzabo mai kwane-kwane tsakanin duwatsu, inda gaggawa ba ta da wani amfani.

Babu abin da ya kamata sabon direba ya damu da shi kamar taya. Gudu mai tsawo yana tara zafi a cikinta, kuma taya mai ƙarancin iska ta fi saurin zafi, har ta kai ga fashewa. Kowace taya tana ɗauke da harafin da ke nuna iyakar gudunta: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y kuma 300. Lambobi huɗu na ƙarshe na jerin da ya fara da haruffan DOT a jikinta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, domin roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, kuma tayar da aka taɓa yi wa faci ba ta da wuri a nan. Fashewar taya ce ta kifar da motar Alfonso de Portago a Mille Miglia ta 1957, shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara suka rasu, kuma daga wannan shekara aka daina tseren a tsohuwar siffarsa. Masu duba motoci suna kuma bin birki da bel da hular kwano da abin kashe gobara kafin su ba da izini.

A kan hanya, motar da ke gudun mil 110 tana cin kusan mita 49 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa yakan ninka kusan sau huɗu. Dole direba ya jefa idonsa can nesa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da fizga ba, ya gama taka birki tun kafin ya shiga kwana. Ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana yana mayar da nauyi gaba, bayan mota ya yi sauƙi, ta ƙwace. Idan taya ta sauka daga kwalta, abin yi shi ne a miƙe sitiyari, a rage gudu sannu a hankali, sannan a dawo.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne sabawar ido da gudu. Bayan rabin awa a fili fetal na hamada, gudun mil 100 yakan zama kamar tafiyar cikin gari, har direba ya isa kwana da gudun da ya fi yadda yake zato. Shi ya sa ake koya wa sabon shiga ya gaskata allurar gudu da muryar abokin tafiyarsa fiye da abin da jikinsa ke gaya masa, ya kuma riƙa leƙa madubi domin ba wa motar da ta cim masa hanya a miƙaƙƙen wuri.